Hattara da Masu Tallan Rediyon Mamaci: Kada a Biya Kafin a Ga Allura Ta Motsa

Masu sha'awar rediyon gida na aikawa da karɓar magana, wato waɗanda duniya ke kira 'yan ham, da masu shirin shiga harkar, a yi hattara da wani ciniki da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp da shafukan sayar da kayan hannu. Za ka ga hoton rediyo mai kyau a kan tebur, sau da yawa Icom IC-7300 ko Yaesu FT-991A, da makirufo da akwatin ba da wuta a gefensa. A ƙasa an rubuta cewa mai kayan ya rasu, magada ba su san kan abin ba, suna so su rabu da shi kafin ƙarshen mako. Farashin kuwa rabin na kasuwa, wani lokaci bai ma kai rabi ba. Hoton na gaske ne, an ɗauko shi daga tallan wani mutum na shekarun baya. Rediyon ne babu shi a hannun mai tallan.

Abin da ya sa wannan damfara take cin mutanen da suka san abin da suke yi shi ne lambar kira, wato haruffa da lambar da mutum yake gabatar da kansa da su a iska. Kowane mai lasisi yana da tasa, kuma farkonta yana nuna ƙasarsa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. A tsakaninmu lambar nan kamar sunan gida take, idan mutum ya faɗe ta sai a saki jiki da shi. To amma a Amurka sunan mai lasisi da lambarsa da adireshinsa a buɗe suke a rumbun hukumar sadarwa ta FCC, kowa yana iya dubawa, kuma shafin QRZ.com yana ɗauke da hotuna da tarihin dubban mutane. Ɗan damfara sai ya zaɓi wani dattijo mai mutunci, ya buɗe sabon imel da lambar dattijon, ya ƙara harafi ɗaya ko lamba ɗaya da ido ba zai kama da wuri ba. Kai kuma ka je ka duba, ka tarar lambar gaskiya ce, sunan ya dace, gari ya dace. Dattijon bai ma san ana ciniki da sunansa ba. Wasu sukan ɗauki lambar wanda ya rasu da gaske, wanda aka riga aka rubuta SK a bayan lambarsa kamar yadda aka saba yi wa mamaci, su ce su 'ya'yansa ne ko matarsa. Wannan ya fi ciwo, domin tausayin maraya suke sayarwa.

Akwai kuma ƙofar baya. Idan ka rubuta a zaure cewa kana neman rediyo iri kaza, cikin awa guda wani zai biyo ka ta saƙon sirri ya ce shi dai ba shi da shi, amma wani abokinsa yana da irinsa tsaf, ga imel ɗinsa. Mai turawa da abokin mutum ɗaya ne. Gwada shi da abin da babu: tambaye shi ko yana da wata samfurin da kai ka ƙirƙiri lambarta. Idan ya ce akwai, kuma lafiyarta ƙalau, magana ta ƙare.

Wajen biya nan ne wutsiyarsu take fitowa. Ba sa karɓar hanyar da za a iya dawo da kuɗi. Za su ce a tura ta Western Union, ko katin kyauta, ko kirifto, ko ta PayPal amma a zaɓi sashen 'yan uwa da abokai, wanda ba shi da kariyar mai saye, da hujjar wai kada a cire musu kamasho. Na cikin gida kuma lambar asusu za su ba ka, sunan da ke kan asusun daban da na wanda kake magana da shi, sai a ce na ƙanensa ne. Da ka tura kafin alƙalami, sai a aiko maka da lambar bibiyar kaya a shafin wani kamfanin sufuri da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Bayan kwana uku ko huɗu kaya sun maƙale a kwastan, a biya kuɗin fito. Ka biya, sai inshora. Ka biya, sai takardar izinin shigo da na'urar sadarwa. Kowane karo kuɗin bai kai na baya ba, don ka ji ba za ka iya barin abin da ka riga ka zuba ba. Kuɗin fito na gaskiya da takardar ƙiyasi ta hukuma ake biyansa, ba a tura shi asusun wani mutum. Ka kuma duba nauyin da aka rubuta a takardar kaya: IC-7300 shi kaɗai, ba kwali ba komai, kilo 4.2 ne. Takardar da ta ce kilo ɗaya ba rediyon nan take ɗauke da shi ba.

Hoton rediyo da takarda mai kwanan wata a gefensa ya daina zama hujja, domin ana liƙa takardar da kwamfuta. Fara da saka hoton tallan a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Sannan ka rubuta wa mai lambar ta imel ɗin da ke shafinsa na QRZ, ba wanda aka ba ka ba, ka tambaye shi ko shi ne yake sayarwa. Ko wannan ya yi daidai kada ka tsaya nan, domin ana sace asusun mutane ma. Nemi kiran bidiyo kai tsaye. Ka ce ya kunna rediyon, ya juya shi zuwa mitar da kai ka zaɓa a take, misali 14.213 MHz, ya juyo bayansa ka karanta lambar siriyal. Wanda rediyo ke gabansa minti biyu ya ishe shi. Wanda babu zai ce kyamararsa ta lalace, ko yana asibiti, ko yana kan jirgin ruwa, ko ya yi fushi wai ba a yarda da shi ba. Bar shi da fushinsa. Cinikin biri a sama ba a yin sa da dala ɗari biyar.

Sai nau'i na biyu, wanda kayan suna isowa, amma ba su ne aka yi talla ba. Kamfanonin Japan suna fitar da samfura masu ƙaramin ƙarfi don matakan lasisin ƙasarsu. IC-7300 wat 100 yake bayarwa, IC-7300M wat 50, IC-7300S kuwa wat 10 a gajeren zango. Fuskarsu ɗaya, kuma mai son zamba ba zai ambaci harafin ƙarshen ba. Haka abin yake ga FT-991A da 'yan uwansa masu M da S. Akwai kuma wanda tsawa ta taɓa, ko wanda aka danna maɓallin aikawarsa ba eriya har transistocin da ke fitar da ƙarfi suka ƙone: yana kunnuwa, fuska tana haske, yana kama tashoshi raɗau, amma ba ya aika komai.

Don haka rediyon hannu ana gwada shi ne a gaban mai sayarwa, kuma ga yadda ake yi. Ana buƙatar lodin gwaji mai om 50 da zai ɗauki wat 100, da ma'aunin wat na waje, da gajeriyar wayar haɗi, da ma'aunin lantarki. Lodin gwajin yana maye gurbin eriya, yana shanye ƙarfin ya mai da shi zafi, saboda haka ba ka damun kowa a iska. Haɗa rediyo zuwa ma'auni, ma'auni zuwa lodi. Sa ƙarfi a ƙarshensa, a jerin salon aikawa ka zaɓi RTTY ko FM. Kada ka gwada a SSB, domin a nan sai an yi magana ƙarfi yake fita, allura tana ta rawa, kuma mai sayarwa zai fake da hakan. AM ma ba ta aiki a gwajin nan, wat 25 kawai IC-7300 yake bayarwa a can ko yana da cikakkiyar lafiya. Danna maɓallin aikawa na daƙiƙa biyar zuwa goma, ka saki, ka karanta. Yi haka a 3.5 da 7 da 14 da 21 da 28 MHz, ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen rediyo zai tsaya tsakanin wat 90 da 100 a dukkansu. Idan zango ɗaya ne ya faɗi, a zargi matatar wannan zangon ko rilen, wato makunnin ciki, da ke sauya ta. Idan duk sun tsaya cak a 50 ko a 10, samfurin Japan ne. Idan duk sun yi ƙasa ba tsari, kafin ka ɗora wa rediyon laifi auna wutar da ke shiga bayansa a lokacin da aka danna. Volt 13.8 yake so, kuma yana jan wajen amfiya 21. Wutar da ta zube ƙasa da volt 12 tana nuna akwatin wutar ne maƙaryaci ko wayarsa ta yi siriri, kuma akwatunan da aka rubuta musu amfiya 30 alhali ba sa iya rabin haka sun cika kasuwa.

Bayan wannan sa eriya, ko da doguwar waya ce, ka je 14.074 MHz a salon USB, wanda reshen SSB ne. Kusan ko yaushe za ka ji kukan FT8 a wurin, wato saƙonnin da kwamfutoci ke aikawa ta rediyo, kamar fito mai hawa da sauka, da dare kuma a 7.074. Shiru a duka biyun alama ce cewa kunnen rediyon ya mutu. A ƙarshe jona wayar USB a kwamfuta ka ga ko za ta gane shi, ta nuna tashar sadarwa da katin sauti. Tsawa ta kan bi ta wannan ƙofa ta kashe ta, sauran jiki yana aiki, kuma mutum ba ya ganewa sai ranar da ya zo haɗa rediyon da kwamfuta.

'Yan oba-oba na hannu su ne aka fi yi wa ƙaryar lamba. Baofeng UV-5R wat 4 zuwa 5 yake bayarwa, amma za ka ga kwali an rubuta wat 18 da nisan kilomita 50. Yi lissafi: batirinsa volt 7.4 ne, mAh 1800. Kafin a fitar da wat 18 sai an ja wajen amfiya 5, wato batirin ya ƙare cikin kimanin minti ashirin na magana, jikin kuma ya yi zafin da hannu ba zai riƙe ba. Nisa kuwa tsayin eriya ne yake yanke shi a waɗannan mitoci. Mutum biyu a tsaye a fili shimfiɗaɗɗe, iyakarsu wajen kilomita goma, a cikin gari mai gine-gine ɗaya zuwa uku. Kuma yana aiki ne a 136 zuwa 174 da 400 zuwa 520 MHz, babu gajeren zango a cikinsa, saboda haka wanda ya ce da shi za ka yi magana da Makka kai tsaye ƙarya yake yi. Jabun manyan sunaye ma suna nan. Icom ta daina ƙera IC-V82 tun 2014, amma har yau ana tallansa sabo dal a kwali. Eriyar Nagoya NA-771 ta jabu ta yi yawa ƙwarai. Ta gaske tsawonta wajen santimita 39, kuma a kan na'urar gwajin eriya ta NanoVNA za ta nuna ta daidaitu kusa da 145 da 435 MHz, ta jabun kuwa sau da yawa guntun waya ce a cikin roba da ba ta daidaitu a ko'ina ba.

Wayar eriya ita ce ba a cika dubawa ba, kuma nan ake asarar ƙarfi a ɓoye. Rediyo om 50 yake so, wayar dish da ta talabijin om 75 ce, amma ana miƙa wa baƙo ita da sunan duk ɗaya ne. Wayar RG-213 ta gaske kaurinta ya ɗan haura milimita 10, zuciyarta silin jan ƙarfe bakwai ne a murɗe, ragarta a cike ba ka hango farar robar ciki. Sa a yanko maka ɗan yatsa guda. Kankare sili da wuƙa: idan fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kusanto da maganaɗisu: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne. Ragar alminiyam ba ta shan dalma, sai haɗin ya saki bayan damina ɗaya, SWR, wato ma'aunin ƙarfin da ke komowa cikin rediyo, ya tashi, ka yi ta zargin eriya. Ko siririyar wayar RG-58 ta gaske ce, mita 30 a 145 MHz tana cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka, balle ta jabu.

Masu sayar da lasisi a WhatsApp su ma gidansu ɗaya da waɗancan. Lambar kira hukumar da ke kula da mitoci a ƙasa ce kaɗai take ba da ita, a Gana misali hukumar sadarwa ta NCA ce, kuma ba ta hannun dillali take fitowa ba. Takardar jabu ta fi rashin takarda haɗari, musamman a yankunan da ake fama da matsalar tsaro a Arewa da Nijar, inda ganin oba-oba a hannun mutum kaɗai ya isa a tsare shi a shinge. A mitocin oba-oba, masu lasisi a nahiyarmu 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 MHz aka ware musu, 'yan oba-oban nan kuwa suna aikawa nesa da wannan iyaka, har kan mitocin da ba na wasa ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa a wannan sa'ar, ba gobe ba, ya nemi a sanar da bankin da ya karɓa don a riƙe asusun, domin kuɗin ba sa kwana a ciki. Ya adana rasit da hotunan hira da lambar asusu da imel ɗin kafin a goge, ya kai ƙara wajen 'yan sanda, a Najeriya har da EFCC. Ya sanar da masu kula da zauren da mai lambar kiran na gaske, don ya rubuta gargaɗi a shafinsa. Bayan 'yan kwanaki wani zai bullo ya ce shi lauya ne ko gwanin kwamfuta, zai dawo da kuɗin idan aka ba shi na aiki. Lambar wayarka daga hannun na farkon ya same ta, idan ma ba shi ɗin ba ne da sabon suna. Kada a ba shi ko sisi.