Gidan Darwin a ƙauyen Downe: an fi ƙaruwa a lambun fiye da ɗakunan

Down House, gidan da masanin halittu Charles Darwin ya zauna daga 1842 har rasuwarsa a 1882, yana ƙauyen Downe, kudu maso gabashin Landan. Hukumar English Heritage ce ke kula da shi, da kuɗin shiga. Zuwansa sai da shiri: jirgin ƙasa zuwa tashar Bromley South, sai bas mai lamba 146 zuwa ƙauyen, sannan ɗan tattaki a siririyar hanya. Bas ɗin ba ya zuwa a kai a kai, kuma ranakun buɗewa kan ragu da hunturu, don haka a duba kafin a fito.

A ƙasa akwai ɗakin nazarinsa, inda ya rubuta On the Origin of Species, littafinsa kan yadda jinsunan halittu ke sauyawa sannu a hankali, wanda ya fito ranar 24 ga Nuwamba 1859, kwafi 1,250. Ga kujerarsa da ya sa wa ƙafafu masu taya don ya riƙa gangarawa daga tebur zuwa tebur. A bene an kwaikwayi ɗan ɗakinsa na jirgin ruwan Beagle, wanda ya yi tafiya a ciki daga 1831 zuwa 1836. Sa'a guda ta ishi cikin gidan.

Sauran lokacin a kashe shi a waje, don nan ne ainihin ɗakin gwajin mutumin. A 1857 ya share wani ɗan fili, ƙafa uku a tsawo, biyu a faɗi, ya riƙa kafa alama ga duk ciyawar da ta tsiro. Cikin tsiro 357, guda 295 sun mutu, yawanci katantanwa da ƙwari ne suka cinye su. Hujjarsa ke nan a dunƙule: abin da ke tsirowa ya fi abin da ke rayuwa yawa, wanda ya tsira kuwa shi ke gadar wa 'ya'yansa siffofinsa. Wanda bai san wannan lissafi ba zai wuce wurin yana zaton kufai ne.

Akwai kuma dutsen da aka ajiye don auna yadda tana ke nutsar da abu cikin ƙasa sannu a hankali, da ɗakin gilashi mai tsirrai masu cin ƙwari. Can gefe ga Sandwalk, hanyar da yake zagayawa kullum yana tunani, yana ture dutse ɗaya da ƙafa a kowane zagaye don kada ƙidaya ta ɓace masa. In an yi ruwa, a sa takalmin da ba a jin tausayinsa.

Gida ne na mutum ɗaya, tarihin fannin kuwa ya fi shi faɗi. Alfred Russel Wallace ya kai ga irin wannan ra'ayi shi kaɗai, aka karanta takardunsu tare a Landan ranar 1 ga Yuli 1858. Yadda gadon siffofi ke tafiya kuma Darwin bai gano shi ba. Gregor Mendel ne ya wallafa gwajinsa a kan haka a 1866. Malamin da zai kawo ɗalibai ya karantar da su waɗannan biyun tun kafin a hau bas.