Katin Billy Ripken na 1989: dala talatin a kan ashar guda

Wata uku ke nan da katin ya iso gidana a cikin ambulan mai kumfa, kuma har yau idan na ɗauko shi sai na yi dariya ni kaɗai. Ni ba ɗan bezbol ba ne. Zaman Baltimore a Amurka ne ya koya mini, domin a garin nan ko ba ka so sai ka ji labarin ƙungiyar Orioles da gidan Ripken. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya cika ɗakinsa na ƙasa da kwalayen katunan 'yan wasa, shi ya fara ba ni labarin wannan kati, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron jikokinsa su ji.

Kamfanin Fleer ne ya buga shi a 1989, lamba 616 a jerin katunan shekarar. Ɗan ƙaramin kwali ne, inci 2.5 a faɗi, 3.5 a tsawo, gefensa ruwan toka da siraran layuka farare. Billy Ripken, ɗan wasan Orioles, na tsaye da sandar bugu a kafaɗa, gindin sandar na kallon mai ɗaukar hoto. A kan gindin nan aka rubuta kalma biyu na ashar da baƙin alƙalami, irin wadda ba zan iya maimaitawa a nan ba. Haka aka buga, haka aka zuba cikin fakiti, haka yara suka saya da kuɗin kashewarsu.

Da magana ta fasu sai kamfanin ya shiga gyara a gigice. Wasu katunan an goge wurin da fari, wasu an yi masa zane-zane da baƙi, a ƙarshe aka ɗora baƙin akwati a kan rubutun. Gyaran ne ma ya ƙara wa abin farin jini, saboda masu tara katuna suka koma farautar kowane iri. Ni biyu na saya daga wani mai sayarwa ta intanet: na asali mai ashar ɗin, da mai baƙin akwati. Duka da kuɗin aikowa kusan dala talatin.

Kayan dai sun zo cikin kwana biyar, kowanne a cikin leda da kariyar roba mai tauri, wannan kam na yaba. Abin da ban ji daɗi ba shi ne kusurwar ƙasa ta na asalin ta ɗan lanƙwashe, kuma hoton da mai sayarwar ya sa bai nuna wurin ba. Bugun ma ya karkata, gefen hagu ya fi na dama faɗi. A wajen masu wannan harka ba ƙaramin abu ba ne, domin kamfanonin tantancewa irin su PSA suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, kuma kusurwa da daidaiton bugu na cikin abin da suke dubawa. Na yi masa magana, ya mayar mini da dala biyar ba tare da musu ba. Na karɓa, na bar maganar.

Rubutun kuwa a fili yake. Na zaci sai na nemo tabarau, ashe ko daga nesa kaɗan ana karanta shi.

Wanda zai saya don ya ajiye ya ci riba gaba, ina ba shi shawara ya riƙe kuɗinsa. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanoni sun yi ta buga katuna kamar ba gobe, shi ya sa na asalin bai da wahalar samu ko kaɗan. Wanda aka goge da fari ne ake nema da tsada, kuma nan ne jabu ya yi yawa, don kowa na iya ɗiga farin ruwan goge rubutu a kan kati ya ce daga kamfani ya fito haka. Maƙwabcina ya ce kada in taɓa irinsa sai wanda aka tantance aka rufe cikin roba. In kuskuren bugu mai daraja kake so, sai ka dubi irin katin Frank Thomas na kamfanin Topps na 1990 da ya fito babu sunansa a gaba. Wannan kam ba na aljihuna ba ne.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba kwalin ba ne, mutumin ne. Billy Ripken ya yi shekara 12 yana wasa a babbar gasar Amurka, daga 1987 zuwa 1998. A 1987 mahaifinsa, Cal Ripken babba, shi ne kocin Orioles, yana jagorantar 'ya'yansa biyu a ƙungiya ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba a gasar. A 1990 Billy ne ya fi kowa a ƙungiyar dacen bugu, wato yawan yin nasara in ya zo bugun ƙwallo, har da yayansa. Sai dai yayan nasa shi ne Cal Ripken ƙarami, wanda ya buga wasa 2,632 a jere bai taɓa fashi ba, ya karya tarihin tsohon ɗan wasa Lou Gehrig a 1995, ya zama mutumin da iyaye ke nuna wa yara a matsayin abin koyi. To ka ga gida ɗaya: ana tuna wa da juriya, ana tuna ƙane da gindin sanda. Na gwada tambayar abokan aikina uku me suka sani game da Billy. Duka ukun katin suka ambata, biyu suna dariya tun kafin su buɗe baki.

Da farko tausayinsa na ji, don shekara da shekaru labarin da ke yawo shi ne abokan wasansa ne suka yi masa tsiya. Sai a 2008 ya fito a wata hira ya ce shi da hannunsa ya rubuta. Sandar atisaye ce, ya yi mata alama don ya riƙa gane ta cikin tarin sanduna, ranar da mai hoto ya tare shi a filin Fenway na Boston kuma ita ya ɗauko bai lura ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A hirar ya kuma nuna bai yarda cewa duk masu duba hoto a kamfanin ba su ga rubutun ba. Ni ma da na riƙe katin a hannu na fahimci dalilinsa, don wannan rubutu ba mai ɓuya ba ne.

Tun da na san shi ya rubuta, tausayin ya ragu, amma ban ga laifin da ya kai a manta da shekara 12 na aikin mutum ba. Shirmen saurayi ɗan shekara 23 ne a ɗakin canza kaya, wanda bai taɓa zaton zai fita waje ba. Ya ci gaba da rayuwarsa, har ya zama mai sharhin wasa a tashar MLB Network.

In maki zan bayar, katin ya ci huɗu cikin biyar, mai sayarwar uku saboda kusurwar nan. Mai baƙin akwatin yana kan kanta a falo, baƙi na tambaya ina ba su labari. Na asalin kuwa yana cikin durowa mai makulli, domin ɗana ya shiga aji biyu, kuma duk rubutun da ya gani yanzu sai ya karanta shi da ƙarfi.