Na shafawa ko na sha: wanne ya fi wa gwiwar Inna?

'Yar'uwa, kin ce gwiwoyin Inna sun matsa mata tun shigowar hunturu, kina tambaya ko a dafa mata citta da kurkum ta riƙa sha, ko a tsaya kan shafawa. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai da na shafawa zan fara.

Abin da aka shafa, in bai karɓe ta ba, fata za ta nuna, a wanke a huta. Ki samo man kaɗanya mai kyau a Tsohuwar Kasuwa, ki narkar da shi a tafin hannu, ki murza gwiwar a hankali, sannan ki ɗora tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20. Rabin aikin ma murzar ce da ɗumin. Masu haɗawa da barkono suna da hujja, sinadarin yajinsa na rage raɗaɗi, sai dai yana son makonni ana shafawa. A gwada kaɗan a damtse, a jira awa 24, kuma kada ya taɓa rauni ko ido. Ɗanyar tafarnuwa da ake dakawa a ɗaure a gwiwa kuwa ƙona fata take har ta yi bororo.

Na sha ya fi wuyar sha'ani, don jini yake shiga ya tarar da sauran magungunanta. Shayin citta kofi ɗaya ko biyu ba laifi. Amma in tana shan aspirin ko warfarin, magungunan tsinka jini, yawan citta da kurkum na iya jawo zubar jini, mai tsakuwar matsarmama kuma ya yi nesa da kurkum. Wanda na fi tsoro shi ne maganin gargajiya na gora da ake sayarwa a tasha, marar lambar NAFDAC. Akan zuba wa irinsa magungunan asibiti kamar dexamethasone ko diclofenac a ɓoye. Ciwo ya lafa, a yi ta yabon mai magani, can gaba fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙoda ta jigata. Tsofaffinmu dama ba su cika shan ruwa da hunturu ba, ƙodar ce ke ji a jikinta.

In gwiwar ta kumbura, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi, ko Inna ta kasa taka ƙafar, ki ajiye duka biyun ki kai ta asibiti ranar, ko Specialist ko UDUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ki tafi da duk abin da take sha, har na gargajiyar, likita ya gani da idonsa.