Wasiƙa daga Malta: yadda ake fito a nan

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan damina ta yi albarka, an fara yankan gero lafiya. Ka ce in ba ka labarin jiragen ruwan ƙasar nan, tunda fito shi ne gadonmu a Yawuri.

Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba ruwan nan ya fi daɗin shiga. Zafin Agusta ya sauka, masu yawon buɗe ido sun ragu, teku kuma bai huce ba tukuna. A kudancin tsibirin Malta, a wani ɗan lungu da ake kira Wied iż-Żurrieq, ƙananan jirage masu inji suna ɗaukar mutane zuwa kogunan dutse na Blue Grotto. Da safe ake zuwa, lokacin da rana ke haska cikin kogon. Ruwan shuɗi ne garau, kana hango yashin ƙasa, in ka tsoma hannu sai ka ga kamar ka fito daga marina. Can nesa ga Filfla, tsibirin da aka bar wa tsuntsaye, ba a yarda kowa ya sauka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarin lodi. Kafin a tayar da inji, kowa sai ya sa rigar kariya, babba da yaro. Kowane jirgi da adadin da aka yanka masa, in ya cika ya cika, ko ɗan mai jirgin ne sai ya jira na gaba. Ranar da iska ta taso kuwa, a rufe wurin sayar da tikiti, kowa ya koma gida, ba mai cewa a gwada sa'a. Ina zaune cikin wannan riga sai na tuna jirgin da ya nutse a hanyar Warra a watan Mayun 2021, ɗauke da mutum fiye da 150, da ɗaliban Islamiyya na Ɓagwai a ƙarshen shekarar. Allah ya jiƙansu. Wallahi Yaya, matuƙanmu ba su gaza na nan sanin ruwa ba, lodin ne da rashin rigar suke cinye mu.

Babban jirgin da ke zuwa tsibirin Gozo yana tashi daga tashar Ċirkewwa, har motoci yake ɗauka, tafiyar kamar minti 25. Kuɗin mai ƙafa bai kai Yuro 5 ba, kuma sai a dawowa ake biya. Motar bas ma tun Oktoban 2022 kyauta ce ga mazauna ƙasar masu katin bas.

Yanzu ne kakar wani kifi da suke kira lampuki, ana buɗe kamunsa tsakiyar Agusta. Dabararsu za ta burge ka. Sai su ɗaure ganyen dabino a kan abin da ke yawo saman ruwa, su kafe shi da dutse a ƙasa, kifin ya taru a inuwar, su zagaye shi da taru. Ranar Lahadi a kasuwar Marsaxlokk za ka same shi jibge, ga jiragen masunta masu fenti shuɗi da rawaya da ja, an zana musu ido biyu a goshi. Naman kifin fari ne mai laushi, amma ni a wurina bai kamo ƙafar giwan ruwanmu ba, kuma banda babu ita sam.

Kada ka ɗauka komai sauƙi ne. Ƙasar ba ta da kogi ko ɗaya, kaso mai yawa na ruwan famfo daga teku ake tace shi, ɗanɗanonsa sai a hankali, shi ya sa mutane da dama na gora suke saye. Kuɗin haya kuwa shi ke lashe albashi.

Don Allah ka tambayo mini farashin rigar kariya a can, da adadin mutanen da jirgin Baba ke ɗauka ba tare da ya danne ba. Ƙarshen wata in Allah ya yarda zan turo kuɗin riguna goma na farko, har da ƙanana na yara. A gaida Inna da su Yaya mata.