eBay da Marketplace, ko zauren masu karnuka: ina ya fi a sayar da kayan horo na hannu?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka rage karnukan farautarka, ga kaya sun yi maka yawa: kwalar lantarki ta horo da rimot ɗinta, na'urar bin sawu ta Garmin da kwalarta, macillar tsuntsun roba mai aiki da harsashin ƙara (marar dalma), keji biyu, da tarkacen igiyoyi da usur. Ka sa su a Facebook Marketplace, aka sauke talla ɗaya ba bayani, sauran kuma sai a tambayi kuɗi a ɓace. Yanzu kana son sanin ko ka koma eBay, ko ka kawo su zaurukan masu karnukan farauta irin wannan.

A ganina zauren masu karnuka ya fi dacewa da mafi yawan kayan nan, amma ba duka ba, kuma bai kamata ka tara su wuri ɗaya ka sa musu kuɗi ɗaya ba. Kowane kaya da matsalarsa, kuma kowace kasuwa da abin da take warwarewa.

Babbar kasuwa, eBay ko Marketplace, abin da take ba ka shi ne yawan idanu. eBay na nan tun 1995, Marketplace kuma tun 2016, masu shiga cikinsu miliyoyi ne. Sai dai a cikin miliyoyin nan, mutum nawa ne ke da kare da yake koya wa ɗauko tsuntsu ko bin sawu? Ƙalilan ne. A Marketplace abin ya fi tsanani, domin ana fara nuna tallarka ga mutanen da ke kusa da kai ne, kuma mai yiwuwa a duk yankinka babu mutum biyar da suka san amfanin abin da ka ɗora. Shi ya sa kake samun masu tayi na wasa. A eBay mai saye yakan zo ne da sunan samfurin a hannu, ya rubuta Alpha 100 ta Garmin ko kwalar kamfanin Dogtra kaza, don haka wanda ya same ka dama nemanka yake. Zaure kuwa mutanensa kaɗan ne, wataƙila 'yan dubbai, amma kusan kowa a ciki ya san abin, ya san kuɗin sabonsa, ya san inda yake fara lalacewa. Wannan sanin yana da kaifi biyu: ba za su ɓata maka lokaci ba, amma kuma ba za ka sayar musu da tsada ba.

Tallar da aka sauke maka, ina kyautata zaton ta macillar nan ce. Facebook ya hana cinikin bindigogi tsakanin ɗaiɗaikun mutane tun farkon 2016, kuma ƙa'idar Marketplace ta hana sayar da makamai, harsasai da dabbobi masu rai. Mai tace tallace-tallacen ba mutum ba ne a matakin farko, manhaja ce da ke duba kalmomi da hotuna. Macilla tana da mariƙi da ɗan bututu, tana cin harsashin ƙara mai lamba .22, ga kalmar bindiga da ta farauta a rubutun. Manhaja ba ta san cewa roba take cillawa don kare ya ɗauko ba. Har hoton kare sanye da kwala yakan ja a ɗauka karen ake sayarwa. Kana iya ɗaukaka ƙara, amma amsa takan yi jinkiri, kuma in abin ya maimaitu ana iya hana ka yin talla gaba ɗaya. eBay ma ya hana sayar da harsashi, saboda haka ko can ka je, kada ka haɗa ragowar harsasan ƙarar a cikin tallar. A zaure mutum ne ke lura, ya san macilla da ido. Sai dai in zauren a kan Facebook yake, ƙa'idar kamfanin na nan a kansa, kuma masu kula da shi na tsoron a rufe musu shi saboda talla ɗaya. Tambaye su kafin ka ɗora.

Inda na fi so ka tsaya ka duba shi ne kayan lantarki, don nan kuɗinka yake kuma nan rigima take fitowa. Mai sayen kwalar hannu cinikin biri a sama yake yi. Hoto ba ya nuna masa ko batir na riƙe caji, ko robar da ke hana ruwa shiga ta tsage, ko bakin caja ya yi tsatsa, ko eriya ta karye daga ciki. Batirin lithiyam yana raguwa da shekaru ko da a ajiye yake, don haka "ban cika amfani da ita ba" ba hujja ba ce ga wanda ya san kan abin. Kwalar da aka ce tana kai mil 9 a fili, kamar yadda Garmin ya faɗa game da Alpha 100, in eriyarta ta gaji ba za a gane ba sai kare ya shige daji ya ɓace daga allo. Ga mafarauci wannan ba ƙaramar asara ba ce, karensa ne zai iya rasawa. Garanti kuma a yawancin kamfanoni na wanda ya saya da farko ne.

eBay yana magance wannan tsoron ta hanyar tsaya wa mai saye. In kaya suka iso ya ce ba haka aka siffanta su ba, yana da kwana 30 ya buɗe ƙorafi, kuma sau da yawa kai za ka biya kuɗin dawo da su, ko da ka rubuta ba ka karɓar maido. Wannan kariyar ce ke sa baƙo ya yarda ya ba ka kuɗi mai kauri, ita ce kuma ke iya cutar da kai, in wani ya yi farautar mako biyu da kwalar sannan ya ce batir ba ya ɗorewa. Ga kamasho: a Amurka kashi 13 da ɗoriya cikin 100 ne a yawancin kaya, kuma har kan kuɗin aike ake lissafa shi. A Jamus tun 2023 da Birtaniya tun ƙarshen 2024 an cire wa masu sayar da kayansu na kansu wannan kamashon, don haka duba na ƙasarka. A zaure babu kamasho, babu alƙali. Abin da ke tsaye a madadinsu shi ne sunanka. In ka daɗe ana ganinka kana amsa tambayoyi, wani zai ce na san shi, ciniki ya faɗa cikin sa'o'i. In yau ka shigo kuma tallarka ce maganarka ta farko, za a yi maka kallon ɗan damfara, kuma ba laifinsu ba ne, domin 'yan damfara sun saba satar hotunan kwala su karɓi kuɗi su ɓace.

Game da biya a zaure, kada ka nemi a turo ta hanyar 'yan'uwa da abokai ta manhajar biyan kuɗi ta PayPal don kauce wa ɗan kamashon kusan kashi 3. Ba ta kare mai saye, kuma wanda ya waye da ya ji ka ambace ta zai janye. Karɓi ta ciniki, ka san mai saye yana da damar ƙorafi, ka ajiye shaidar aike. Kai ma ka kula: hoton rasit ba kuɗi ba ne sai ka gani a asusunka, kuma duk wanda ya "yi kuskure" ya turo fiye da kuɗin yana neman ka maido masa canji, ka rabu da shi.

Akwai kuma maganar ko kayan za su yi wa mai saye aiki ma. Garmin ya fito da na'urar bin sawu ta Astro a 2007, ya sayi kamfanin kwalar horo na Tri-Tronics a 2011, ya fito da na'urar Alpha a 2012, kuma ba kowace kwala ke magana da kowace na'ura ba. Kwalar DC 40 ta Astro ce, ba ta haɗuwa da Alpha 100. Kwalar T5 bin sawu kawai take yi, TT 15 ce ke haɗa bin sawu da horo. A eBay wanda bai sani ba zai saya, ta ƙi haɗuwa, ya dawo maka da ita a kan cewa ta lalace. A zaure kafin ka amsa, wani ya riga ya gaya masa.

Tsallaka iyaka ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma eBay ne ya fi jawo shi. Na'urorin bin sawu da rediyo suke aiki, kuma zangon da aka halatta a Amurka daban yake da na ƙasashen Turai. Ta Amurka ba ta haɗuwa da kwalar Turai, amfani da ita a can ma saɓa doka ne. Ita kuwa kwalar da ke ba kare ɗan shokin, Wales ta haramta amfani da ita tun 2010, Holan tun 2022, haka ma Jamus, Denmak, Ostiriya da Suwizalan. Sannan ga batir: gidajen waya na takura aika lithiyam ta jirgin sama, har gidan wayar Amurka tun 2022 ya ce kayan lantarki na hannu masu irin wannan batir ta ƙasa kawai za su bi, da alama a jikin kwalin. Shawarata ka rufe aike zuwa waje gaba ɗaya, ribar ba ta kai wahalar ba.

Ina da magana ɗaya kan kwalar shokin wadda ba ta kuɗi ba ce. A hannun wanda ya iya, a mataki mafi ƙasa, bayan kare ya riga ya fahimci umarnin, kayan aiki ce. A hannun wanda ya gaji da haushin karensa yana neman abin hukunci, za ta iya mayar da kare matsoraci har abada. A eBay ba za ka san wa ya saya ba. A zaure kana iya tambayarsa wane kare ne, shekarunsa nawa, me yake son koya masa, kuma kana da damar ka ƙi. Ni wannan kaɗai ya isa in kai ta zaure, ko da za a rage min wani abu.

Keji kuwa kada ma ka yi tunanin aika shi, kuɗin ɗauka zai cinye kuɗinsa. Nan ne Marketplace ya fi kowa, domin keji kowane mai kare na buƙata, ba sai mafarauci ba, kuma hannu da hannu babu kamasho. Ka wanke shi tukuna: ƙwayar cutar parvo na iya rayuwa watanni a jikin kaya, kuma tana kashe 'yan kwikwiyo. A kankare dattin, a jiƙa da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30 na minti 10, a ɗauraye. Igiyoyi, usur da tsuntsayen roba ba su kai a yi musu talla ba, haɗa su gyara ga wanda ya sayi macillar.

Don haka macilla da kwalar horo zaure, keji Marketplace. Na'urar Garmin ce kaɗai nake ganin eBay zai iya fin zaure kawo kuɗi, musamman in ba a san ka a zaurukan ba. Fara duba nawa irinta ta tafi a jerin waɗanda aka riga aka sayar, ba abin da masu talla ke nema ba. Duk inda za ka kai ta, yi bidiyo ɗaya ba yankewa: ka kunna, ka haɗa kwalar, ka nuna tana kama tauraron ɗan adam, lambar jikinta na fitowa, da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe. Yi mata cikakken caji ka bar ta a kunne, ka rubuta awa nawa ta yi. Goge wuraren farautarka da ke cikinta, in kuma mai inReach ce, wato mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, kamar Alpha 200i, cire ta daga asusunka don sabon mai ita ya iya yin rajista. In zai yiwu ka jinkirta zuwa makonni kaɗan kafin buɗe lokacin farauta, lokacin ne masu nema ke yawa.