Sansanin Sojan Waje ko Tallafa wa Rundunar Maƙwabta?

Ƙasar da ke fama da 'yan ta'adda takan samu taimako ta hanya biyu, kuma Nijar ta ɗanɗana duka.

Ta farko, ƙasar waje ta girke sojojinta. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadez kan kusan dala miliyan 110. Amfaninsa a lokacin leƙen asiri ne: jirgi yakan yini sama yana bin sawun babura cikin sahara. Illar ita ce, bayanan da na'urorin suna hannun baƙo. Da dangantaka ta yi tsami, Faransa, wadda ita ma ta girke sojoji a Nijar, ta fice a Disambar 2023, Amurka a 2024, suka tafi da idanunsu.

Ta biyu, a zuba kuɗi da horo a rundunar yanki, kamar ta haɗin gwiwar Tafkin Chadi mai hedikwata a N'Djamena, wadda aka raba wa shiyyoyi huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya da Diffa a Nijar. Sojojinta sun san yare da tsibiran tafkin. Sai dai tallafin Tarayyar Turai yakan bi ta Tarayyar Afirka, sayen motoci da na'urorin sadarwa ya yi ta jinkiri. Kowace bataliya kuma tana jin umarnin babban birnin ƙasarta fiye da na kwamandan rundunar, sai mahara su tsallake iyaka su huta. Nijar kuma ta janye daga rundunar a 2025.

Duk da haka ta biyun ta fi, muddin yarjejeniya ta tanadi kayan gyara, horar da makanikai, da izinin bin mahara ƙetaren iyaka.