Nutso kan jiragen da suka nutse a Tafkin Huron: sharhi kan shirin da muka saya daga Abuja

Wanda ya koyi nutso a Bahar Maliya ko Zanzibar, ya dawo Abuja yana ɗan motsa hannu a wurin ninƙaya na otal, yakan ɗauka katin shaidar nutso da ke aljihunsa ya ishe shi shiga kowane ruwa. Tafkin Huron ba ya cikin wannan lissafi. Wani kantin masu nutso a garin Tobermory, lardin Ontario na Kanada, yana sayar da shiri a dunƙule: jirgin da zai kai ka wurin nutso, hayar kaya, jagora, da kwas ɗin busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga, ga mai buƙata. Mun saya, mun yi aiki da shi, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sai dai shirin an ɗinka shi ne don mutanen da suka saba da ruwan sanyi, kuma ba wanda zai gaya maka haka sai ka tambaya.

Tobermory na can ƙarshen zirin ƙasar Bruce, tafiyar kusan awa huɗu a mota daga Toronto. Ruwan da ke kewaye da shi gandu ne na gwamnati mai suna Fathom Five, an kafa shi a 1987, kuma akwai jirage sama da 20 kwance a ƙarƙashinsa. Dole kowane mai nutso ya yi rajista da hukumar gandun kafin ya jiƙa ƙafa, kuma kantin ya tuna mana da wannan tun a saƙonsa na farko. Abin da ke jawo mutane shi ne katako. A teku akwai tsutsar da ke cinye katakon jirgi cikin 'yan shekaru. A ruwan daɗi mai sanyi babu ita. Shi ya sa Sweepstakes, jirgin katako mai tafiya da iska da aka ƙera a 1867, ya nutse a mashigin Big Tub a 1885, har yau jikinsa na tsaye, na'urar naɗe sarƙar anga na nan a goshinsa, a zurfin da bai wuce mita 6 ba. An tare hanyar shiga cikinsa, domin kumfar numfashin masu nutso na lalata katakon daga ciki, kuma an ware wa masu nutso lokutansu saboda jiragen 'yan yawon buɗe ido da ke bi ta kansa.

Yanzu ga sanyin. A watan Agusta saman ruwa kan yi ɗumi har ya kusan digiri 20. Da ka gangara sai ka iske wata iyaka da ido ke iya gani, ruwan na rawa-rawa, kana tsallake ta fuskarka za ta gaya maka. Ƙasa da ita digiri 4 zuwa 6 ne, rani da damina, domin ruwan daɗi ya fi nauyi a digiri 4, sai ya kwanta a ƙasa. Mutumin Jos da ke taƙama da hunturun Janairu bai taɓa sa jikinsa a irin wannan ba, don ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki 25 ko kusa da haka. Rigar roba mai kaurin milimita 7 za ta kai ka Sweepstakes lafiya. A mita 30 nauyin ruwa na matse robar ta zama siririya, ɗuminta ya tafi. Nan sai busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga, kana sanye da kayan ɗumi a ciki.

Kwas ɗin wannan riga shi ne mafi daraja a duk abin da muka biya, kuma ya kamata a ce a cikin shirin yake, ba ƙari ba. Malamin ya fara da mu a ruwan da bai kai ƙirji ba. Kana gangarawa rigar na matse ka, sai ka danna bawul ɗin ƙirji ka saka iska kaɗan-kaɗan, daidai abin da zai saki matsin. Kana hawowa iskar na kumbura, sai ka ɗaga kafaɗar hagu ta fita ta bawul ɗin damtse. Inda ake shiga uku shi ne idan ƙafafu suka fi kai tsawo: iskar ta gudu cikin takalma, inda babu mafita, ta ja mutum sama ƙafa a gaba, wani lokaci har takalman iyo su fita. Maganinsa ka dunƙule gwiwa zuwa ƙirji, ka mirgina, ka miƙe, ka fitar da iska. Malamin bai bari an wuce nan ba sai da kowa ya iya yi ba tunani, ya kuma iya cire tiyon iska daga ƙirji sanye da safar hannu mai kauri, domin ranar da bawul ya maƙale a buɗe wannan ne kaɗai abin yi. Cewa yake, wanda bai iya cire tiyo da safa ba, bai iya ba. Kayan ciki kuma kada a sa na auduga. Singileti na auduga na shan gumi ya riƙe, ya koma sanyi a jikinka. A sa na ulu ko na roba mai gashi-gashi.

Inda kantin ya gaza shi ne hayar rigunan. Sun karɓi tsawo da nauyin kowa ta imel, ba su nemi awon wuya da wuyan hannu ba, alhali nan ne rigar ke rufe ruwa. Bakin wuya in ya yi sako-sako, da ka juya kai ruwa mai digiri 5 zai bi bayanka; in ya matse da yawa, yana danne jijiyoyin wuya, mutum ya ji jiri tun yana kan jirgi. Biyu daga rigunan da aka ba mu sai da aka canza, kuma canjin ya ci rabin safiya. Ku auna wuya, wuyan hannu, ƙirji da lambar takalmi wurin tela a Wuse, ku aika da su, ku nemi a ba ku rigar ku gwada tun yammacin da kuka isa.

Lissafin dalmar da mai nutso ke ɗaurawa don ƙara nauyi ma sabo ne. Ruwan daɗi bai kai na teku ɗaga mutum ba da kusan kashi 2.5 cikin 100, don haka mai nauyin kilo 100 haɗe da kayansa zai rage kamar kilo biyu da rabi. Amma kayan ɗumin cikin rigar na riƙe iska, su kuma suna neman ƙari fiye da abin da aka rage. Ba a yin wannan da ka. A gwada a bakin ruwa da tukunyar iskar da ta kusa ƙarewa, a tabbata za a iya tsayawa a mita 5 ba tare da fafutuka ba.

Ragileta tasu, wato na'urar shaƙar iska daga tukunya, ba mu da ƙorafi a kanta, irin ta ruwan sanyi ce, kan da ke manne da tukunya a rufe yake ruwa ba ya shiga. Wanda zai zo da tasa ya duba ko an amince da ita a ruwan da ke ƙasa da digiri 10, yawanci ana rubuta EN250 a jiki, wadda ba ta sanyi ba kuma a ƙara mata alamar sama da digiri 10. Dalili shi ne iska in ta fito daga matsi mai ƙarfi na cikin tukunya, bar 200, tana faɗaɗa, sai ta yi sanyi ƙwarai. A ruwa mai ɗumi ba komai. A digiri 4 ƙanƙara kan kama cikin ragileta, bawul ya tsaya a buɗe, iska ta riƙa kwarara, tukunya ta ƙare cikin 'yan mintuna. Don haka ba a danna maɓallin wanke ragileta ba dalili, ba a jan dogon numfashi a daidai lokacin da ake hura riga, kuma a nutso mai zurfi a ɗauki ƙaramar tukunya ta biyu da ragiletarta daban. Suna hayar ta, amma ba ta cikin shirin. Ku karɓa.

Wani abu da ba su ambata ba sam: agogon iskarsu da ma'aunin PSI yake karatu maimakon bar, jagora kuma da ƙafa yake faɗin zurfi. Tukunyar da aka saba bayarwa lita 11 ce, cike take a PSI 3000, wato bar 207. PSI 700 shi ne kusan bar 50, ƙafa 100 mita 30 ce. A rubuta wannan a allon hannu kafin a shiga, don a zurfi mayen naitirojin ba ya barin kai ya yi lissafi, sanyi da duhu kuwa ƙara shi suke. Bakin tukwanensu yawanci mai maƙalawa ne, mai ragileta irin ta ɗaurin zare ya zo da mahaɗi.

Tsarin jeranta jiragen ya yi mana daidai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Bayan Big Tub sai W.L. Wetmore, wanda guguwa ta buga a tsibirin Russel a watan Nuwamban 1901, a kusan mita 7. Tukunyar tururinsa ƙatuwa ce, ga anga da sarƙa zube, wurin ya dace da gwada riga ba tare da fargabar zurfi ba. James C. King da yake ja a daren yana kusa, kwance a gangare har zuwa wajen mita 30, kuma gangaren na yaudara, kana kallon katako kana sauka ba ka sani ba. Niagara II da gangan aka nutsar da shi a 1999 domin masu nutso, na ƙarfe ne, an buɗe masa ƙofofi, amma shiga ciki sai mai takardar shiga jirgi. Arabia ne ƙarshe, kuma shi ne dalilin tafiyar. An ƙera shi a 1853, ya nutse kusa da tsibirin Echo a watan Oktoban 1884 ɗauke da masara, yana kwance a zurfin da ya ɗan wuce mita 30. Kana bin igiya cikin koren ruwa, sai goshinsa ya fito da angoginsa a inda matuƙansa suka bar su. Ya ci rayukan masu nutso, kuma jagoranmu ya hana duk wanda bai gamsu da shi ba a nutson baya. Mun yaba da haka. Katin farko iyakarsa mita 18, na gaba 30, Arabia na son na zurfi.

Lokacin ƙasa gajere ne. Jadawalin PADI, ƙungiyar koyar da nutso, ya ba da minti 20 a mita 30, amma ya ce a ruwan sanyi a lissafa kamar an ƙara mita 4, sai a faɗa layin mita 35, minti 14. Iska ma haka: mai shaƙar lita 20 a minti a sama zai sha 80 a mita 30, sanyi kuma zai ƙara masa. Kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa igiya, ɗaya ajiya. Mai son naitiroks, iskar da aka ƙara wa oksijin, ya lura cewa mai oksijin kashi 32 iyakarsa mita 33 ce, ya yi wa Arabia kusa da baki, a nemi mai 28. A hau a hankali, kada a wuce mita 9 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5. Jikin jiragen cike yake da wasu ƙananan halittu masu ɓawo da suka shigo tafkunan daga Turai a ƙarshen shekarun 1980. Kaifinsu na yanka safa, kuma ɗaukar ko ƙusa ɗaya daga jirgi laifi ne a dokar Ontario.

Iska kan hana jirgi fita, wannan ba laifin kowa ba ne, amma a nemi ƙa'idar mayar da kuɗi a rubuce, a kuma bar rana ɗaya fanko a jadawali. Ranar ƙarshe ma fanko ce dole: bayan nutso na kwanaki a jere ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18, mu dai muna ba da 24. A tambayi inda ɗakin matsa iska na jinyar masu nutso yake da ko yana aiki, a sayi inshorar da ta ambaci nutso da suna.

Daga gida, biza ce ke cin lokaci. Ana ɗaukar hoton yatsu a Abuja, amma a fara watanni kafin Yuli, kada a biya kuɗin jirgin ruwa da ba a mayarwa sai ta fito. Likita ya duba ku da takardar lafiyar masu nutso. Mai sikila ba ya nutso da tukunya, mai AS da mai asma su nemi shawarar likitan da ya san harkar, kada su ɓoye. Kada a sa tafiyar cikin azumi, ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin kumfar naitirojin a jini. Naman halal a saye shi a Toronto, Tobermory ƙaramin gari ne, kifi ne abin dogaro. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, a saita agogon salla. Gemu ba ya hana tabarau kamawa, gashin baki ne ke sa shi yoyo, a rage layin da ke ƙarƙashin hanci. Tabarau, kwamfutar nutso da hular roba mai milimita 7 a zo da na kai, batiran tocila a jakar hannu, sauran a yi haya a can, don jakar kilo 23 ba za ta ɗauke su ba.